Randar Turai

A Sisawa in ka ce Lauwali sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Maɗori kowa zai nuna maka gidan. Shi ne na ƙarshe ta gabas, inda hanyar ƙafa ke gangarawa fadama. Shekara arba'in ya yi yana ɗaurin karaya. Ƙafa ta karye a Wurno, hannu ya goce a Rabah, wani ya faɗo daga amalanke wajen Goronyo, a kan doki Lauwali yake zuwa, da karare da tsummoki a jakarsa. Dawaki huɗu ya hau a rayuwarsa. Bidi ne na ƙarshe, kuma tare suka tsufa.

Yanzu wanda ya karye kabu-kabu ake ɗora shi a nufi asibiti. Lauwali bai ji haushi ba, ko kuma ya ji ya haɗiye. 'Ya'yansa mata sun yi aure nesa, ɗansa Ismail yana Sakkwato yana sayar da kayan waya, matarsa Turai kuwa shekara uku ke nan da rasuwarta. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka ya koma daga shi sai doki. Da Bidi yake hira. Ya ba shi labarin kasuwar albasa, ya yi masa tsegumin maƙwabta, dokin yana kaɗa kunne, wanda ya fi abin da wasu mutane ke yi maka in kana magana.

Kafin Turai ta cika abu ɗaya ta roƙa. Tana da wata babbar randa da ta zo da ita daga gidansu, wadda ƙato zai tsuguna a ciki ba a gan shi ba, irin da magina suka daina yi.

"Ka aje min ita ƙohwar gida," ta ce. "Mai wucewa shi sha, in samu lada."

Haka ya yi. Ya girke ta a gindin dogon yaro. Kullum da safe sai ya cika ta, ya rufe da faifai, ya kifa moɗa a kai, sannan ya ja Bidi fadama neman ciyawa, ba su dawowa sai la'asar. Kullum kuma in ya dawo moɗar tana nan a kife yadda ya bar ta. Ruwa dai yakan ragu, amma ai tsohuwar randa tsattsafo take yi, ga rana. Sai ya yanke a ransa cewa ba mai sha. Mutanen yanzu ruwan leda suke zuƙa a kan babur, wa zai tsaya wa randa? Ya ci gaba da cikawa don alkawari kawai.

Bidi ya tsufa har haƙoransa ba sa iya harawa sosai. Dusa yake so, da jiƙaƙƙen gero da 'yar kanwa. Da kaka Lauwali ya tanadi abin da zai kai su damina, amma rumbun gidan ya zube tun ruwan bara, don haka ya jera buhunan a ɗakin Turai. To, gidan da babu mace, babu motsi, ɓeraye suka ga wuri ya samu. Kusu suke ce wa ɓera a can, kuma kusun Sisawa ba shi da kunya. Da ci kaɗai suke yi da sauƙi. Su huda buhu, su yi kashi, su yi fitsari, in an zuba wa Bidi sai ya shinshina ya kau da kai. Kafin wata biyu haƙarƙarinsa ya fara fitowa.

Ismail da ya zo duba shi ya leƙa ɗakin, ya fito yana girgiza kai.

"Baba, rabin abincin ga ya tahi. In ya ƙare kahin ruwa shi sauka, mi za ka ba shi? Halliru na Rabah yana kiwon dawaki, yana da sito. Ya ce in ka yarda shi ɗauke shi."

"In ya ƙare," in ji Lauwali. "Bai ƙare ba."

Daga ranar ya shiga neman abin da haƙorin kusu ba ya ci kuma aljihunsa zai iya. A kasuwar Wurno ya sayi duron roba, gafiya ta huda shi cikin mako guda. Ya taya na ƙarfe, aka faɗa masa kuɗin, ya yi dariya ya wuce, don masu fetur da manoman rani sun tsadantar da su. Ya samu wani mai araha da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki, ya wanke shi da toka har sau uku, Bidi ya ƙi ko kusantar dusar, shi kuwa Lauwali ya fi yarda da hancin dokinsa a kan rantsuwar mai sayarwa. A Goronyo aka nuna masa mataccen firjin masu kifi, yana buɗewa ƙarni ya maido shi baya. Ya aro kyanwa, ta ci tuwonsa ta kwanta. Guba kuwa bai yarda ya sa ta kusa da abincin doki ba.

Wata safiya ya fito da ruwa zai cika randa, sai ya tsaya yana kallonta. Kaurinta ya kai yatsa uku, bakinta kuma daidai tsohon farantin ƙarfen da ke rataye a madafa. Ya daɗe a tsaye.

"Turai, ki yi haƙuri," ya ce. "Ba mai sha."

Ya zubar da sauran ruwan, ya gangara da ita cikin gida, ya bar ta ta bushe. Ya tankaɗe abin da ya tsira na dusa da gero ya juye a ciki, ya rufe da faranti, ya danne da dutsen niƙa. Dabara ta yi. Kwana tara ba ko ƙwayar kashin kusu, Bidi yana cinye rabonsa har yana lasar akushi. Lauwali ya ji daɗi, ya kuma ji kunya, har ya koma fita ta ƙofar baya don kada ya ga gurbin da ke gindin dogon yaro.

Rana ta goma ciwon gwiwa ya hana shi zuwa fadama. Da rana ta take sai ya ji sallama. Mata biyar ne da ƙoren nono a ka, gumi yana zuba. Babbarsu, wadda ta ce sunanta Ma'u, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, lahiya randa? Kwana tara muna iske wurin wayam. Mun ɗauka mai gidan ya rasu."

"Ku ka shan ruwan?"

"Mu, da masu ciran albasa, da mata masu itace. Daga ruga har bakin titi ba wani ruwa mai sanyi sai nan."

"To, moɗa hwa? Kullum kihe nika iske ta."

"Yadda munka iske ta haka muka mai da ta, Baba. Kullum muna yi ma mai randa addu'a, ba mu dai san ko wa na ba."

Lauwali ya sunkuyar da kai. "Sunanta Turai," ya ce.

Ya kawo musu ruwan bokiti, mai ɗumi, bai ma ishe su ba. Suka yi godiya suka tafi. Ya koma ya zauna kusa da turke yana shafa wuyan Bidi. Kwana tara ya hana matarsa abu ɗaya tak da ta roƙe shi. Kafin la'asar ya kwashe dusar ya mayar buhu, ya wanke randar, ya gangara da ita mazauninta. Sannan ya kira Ismail a waya.

Ranar da Halliru ya zo da a-kori-kura, Lauwali ya hana a yi maganar ciniki.

"Ban sai da shi ba, kiwo na ba ka. Ka riƙa jiƙa mai gero, haƙoranai ba su da ƙarhi. Kuma ka riƙa yi mai magana, ya saba."

Ya ɗora masa har sauran buhunan. Bai tsaya ya ga tashin motar ba.

Yanzu da ba shi da abin kaiwa fadama, a ƙofar gida yake wuni. Ya san masu shan ruwan ɗaya-ɗaya. Su sha, su ce Allah ya ji ƙan Turai, su kifa moɗa, su wuce. Bayan azahar hanya takan ɗauke ƙafa, sai ya naɗe tabarma ya shiga ciki. Har yau in ya zo daidai turke yakan fara lissafa wa Bidi waɗanda suka zo, kafin ya tuna ya yi shiru.