Miyar da Na Tarar Kan Wuta a Gidanmu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce na manta da su, amma ranar da na koma ƙauyenmu ɗauko tukunya, ita kam ba na jin za ta bar raina har in koma ga Allah.

Ƙauyenmu yana can yankin Zurmi. Da 'yan bindiga suka matsa mana, gari ya watse gaba ɗaya, mu muka sauka Ƙaura Namoda, ni da innata da yayana mai sana'ar kabu-kabu da mashin. Da kayan jikinmu kawai muka fito. Muka kama ɗaki, na sayi wata 'yar tukunyar silba mara kauri da cokalin ƙarfe, da su nake yi mana girki.

Innata kuwa mace ce da aka sani da miyar kaza mai kori. A gida in za a yi suna ko biki, ita ake kira ta tsaya kan tukunya. Tun da muka zo Ƙaura cin abincinta ya ja baya, ta rame. In na yi miyar na kawo mata, sai ta ɗanɗana ta ture kwanon.

"Ɗiyata, ba hannunki ba na, tukunyar ta," haka take cewa. "Kori bai son gaggawa. Tukunya mai kaurin gindi yaka so, wadda ka riƙe zahi, albasa ta soyu sannu-sannu. Wagga kau kahin ki juya baya ta ƙone shi, ya koma ɗaci."

Cokalin ma bai tsira ba. Ta ce ƙarfe yana kankaro gindin tukunya ya zuba wa miya ƙauri, na icce ne daidai. Na taɓa kai ta kasuwa wurin masu tukwanen dalma ko za ta ga wadda ta yi mata. Ta bi su tana ƙwanƙwasawa da yatsa tana kasa kunne, ta ɗaga wannan ta aje, ta ce duk ba su da nauyi. Muka dawo hannu sake. Daga nan sai ta kama lissafo nata da ta bari, kamar mai zancen 'ya'yan da suka yi nisa.

Ana cikin haka aka fara cewa an yi sulhu, wasu har suna lallaɓawa da rana su kwaso kayansu. Ga Sallah ta matso. Na tsare yayana da magiya ya kai ni gida in ɗauko mata tukunyarta, ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya yarda. Ba mu gaya wa inna ba.

Da hantsi muka isa. Tun daga nesa ya kashe mashin, muka shiga yana turawa. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar. Ba kukan akuya, ba carar zakara, ba ƙarar turmi. Ciyawa ta cinye hanyoyi, ƙofofi a buɗe suna kallonmu, tabarmin masallaci sun ruɓe a inda aka bar su. Takun ƙafarmu kaɗai muke ji.

Muna dab da gidanmu na tsaya cak. Ƙanshi na ji, na albasa da kori a cikin mai, irin na innata sak. Na ɗauka kewar gida ce ke yi mini wasa da hankali, sai na ga yayana ma ya ɗaga hanci. Ya nuna mini ƙasa da baki. Gindin darbejiyar ƙofar gida duk sawun tayoyin mashin ne, sababbi, sun hau juna.

"Mu koma," ya ce a hankali.

Har yau ban san abin da ya ja ni ba. Na ce ya jira ni a zaure, na shiga.

An share tsakar gida tas, har da zanen tsintsiya a kan ƙasa. A madafi, tukwanen inna duk an wanke an kife su a jere. Babbar kuwa, ta biki, tana bisa murhu, wuta na ci a ƙarƙashinta, miya na tafasa. Kuma babu kowa. Na tsaya ina kallon tururi, na kama karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

"Gidanku na?"

Daga bayana muryar ta fito. Na juya na ga mace tsaye jikin rumbu, rungume da itace. Ramammiya ce, ba takalmi, ƙafafunta sun kumbura, ga zanen innata ɗaure a ƙirjinta. Ta wuce ni ta durƙusa gaban murhu, ta tura icce, ta ɗauki cokalin inna ta fara juya miya. Ko kallona ba ta yi ba.

"Baiwar Allah, mutum ko aljan?" na tambaya.

"Mutum ce kamarki, 'yar'uwa. Yi magana a hankali."

Tana juya miya take ba ni labari, muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai zancen wata can daban. 'Yar yankin Jangeru ce. A hanya aka tare motarsu, aka tafi da ita da ɗiyarta. Da 'yan bindigar suka gane ta iya girki, sai suka riƙa kawo ta nan da safe, saboda gidanmu na da rijiya da manyan tukwane. Su aje mata kaji da kayan miya su tafi, in rana ta take su dawo su ɗauke ta da abincin.

"To ai ba kowa! Taso mu tai, da mashin muke."

Sai lokacin ta ɗago ta dube ni. "Ɗiyata tana can wurinsu. Shi ya sa ba su ɗaure ni ba."

Daga nan ta tambaye ni abin da ya kawo ni, na ji kunyar faɗa, amma na faɗa. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Waɗanga na jere kar ki taɓa, sun san su duka. In guda ta ɓace ni za su tambaya." Ta tashi ta sa hannu ƙarƙashin rumbu ta jawo wata matsakaiciyar tukunyar dalma, duk ƙura. "Wagga ba su san da ita ba. Marhinta ya ɓace, amma gindinta ya hi na sauran kauri. In miyar kori ta, ita za ki ɗauka."

Ta haɗa mini da cokalin icce ɗaya. Sannan ta ce, "Mai kayan ga tana raye?"

"Tana raye."

"Ki gaishe ta. Ki ce ta yahe mani, ina girki da kayanta, na ɗaura zanenta, ba da izininta ba."

Ta faɗa mini sunan mijinta, tela ne a kasuwar Shinkafi, ta sa na maimaita. Ta ce in gaya masa suna nan da rai su biyun. Ba ta rufe baki ba muka ji shi, can nesa, wani gurnani siriri kamar na ƙudan zuma. Mashina ne.

"Ku bi ta baya, inda katanga ta hwaɗi," ta ce, ta koma kan miyarta.

Yayana ya riga ya shigo da mashin tsakar gida. Muka tura shi ta ɓaragurbin katangar, ita kuma ta bi bayanmu da tsintsiya tana share sawun. Muka kwantar da shi cikin doguwar ciyawar da ta rufe gonar bayan gida, mu ma muka kwanta. Na danne tukunyar da cikina don kada ta yi ƙara. Muna jin muryoyinsu, muna jin dariya, muna jin ludayi na bugun tukunya ana kwashe miya. Wani ya zo bakin katanga ya tsaya yana waya, ina hango ƙafafunsa ta tsakanin ciyawa. Sai da ƙarar mashinansu ta ɓace gaba ɗaya muka tashi, jikinmu duk tururuwa, ba mu ma ji cizonsu ba.

Da muka isa gida na aje tukunyar gaban inna na gaya mata komai. Ba ta taɓa ta ba, ba ta kuma yi mana faɗa ba. Kuka ta yi ta yi, tana cewa, "Na yahe mata, wallahi na yahe. Da ina da wani zanen da na aika mata." Ita ce ta hana mu sakat sai mun kai saƙo.

Ranar kasuwar Shinkafi muka je muka yi ta tambaya har aka nuna mana rumfar telan. Yayana ya yi masa sallama ya faɗa masa. Mutumin ya daina taka keke, ya dube mu kamar bai ji Hausa ba. Ashe tun tuni wani ya kawo musu labarin an kashe su, har an yi zaman makoki an yi sadaka. Ya sa ni na siffanta ta, na faɗi tsagar da ke kumatunta. Sai ya sulale daga kujera ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da yadin da yake ɗinkawa.

Daga ranar danginta suka tashi tsaye. An sha wuya, an daɗe ana kai-kawo, amma bayan kaka Allah ya fito da su, ita da yarinyar. Ban sake ganinta ido da ido ba. Mijin ne ya kira yayana ya miƙa mata wayar, yayana kuma ya miƙo mini tasa, ta ce, "Kin kai saƙo."

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada a yi saurin rufe zancen mutum don an daina jin ɗuriyarsa. Wani yana can da ransa, ba ya jiran komai sai wanda zai je ya ce na gan shi. In Allah ya sa kai ne ka gani, to ko ƙafarka na rawa, ka je ka faɗa.