Shekarar da Fensirin Kala Ya Ci Mini Shinkafa

A shekarar da shinkafata ta fi yin kyau aka kawo fensirin kala makarantar Lahadi ta majami'armu, kuma har yau ban yarda cewa dace ne ba.

A wajenmu, da shinkafa ta fara nono, tsuntsayen jan-baki ke sauko mata kamar hadari. Maganinsu igiya da gwangwanaye da maƙogwaron yara. Jikokina kuwa, a da, tun ba a ce amin ba suke sulalewa su riga ni bakin kanal ɗin ban-ruwa, don ihu ya fi musu zaman benci daɗi. Kwatsam sai na daina ganinsu ranar Lahadi har rana ta take tsaka. Su dawo da takardu a hannu, yatsu duk ja da kore.

Sabuwar malamarsu 'yar maƙwabcin gonata ce. Kunyar gona ɗaya ce tsakaninmu da shi: tsuntsun da na kora gonarsa yake sauka, wanda ya kora tawa yake dawowa. Ni boko aji biyu na yi aka sallame ni da bulala, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba.

"Uban ne ya turo ta," na ce wa mai ɗakina.

"Ya tura ta Kano ta yi karatu don ya cuci gonarka? To, ka kai mutum."

"Ke ba ki san mutane ba."

"Na san ka dai."

Na karɓi guntun fensirin a hannun babbar jikata na sansana. A gidan da na tashi, kafin mu shiga majami'a, asirin da ke riƙe mutum lasa masa ake yi. Na ɗan taɓa da harshe. Kakin kyandir.

"Angona ya fara cin kala," in ji jikar tawa. "Yunwa ce, ko tsufa?"

"Ki yi hankali, sakinki zan yi."

Lahadin da ta biyo na bar igiya a ɗaure na je na laɓe a bayan taga. Malamar ba ta fara da labari ba. Takarda ta raba, da zanen ƙaton kifi da mutum a cikinsa, ta bar su suna shafa. Sai da wani yaro ya tambayi me mutumin ya yi, ta ce ya gama wutsiya tukuna. Haka take musu, labarin Littafi Mai Tsarki gutsure-gutsure, kamar mai jan akuya da dusa. Na ce a raina, wannan dabarar a gida aka koya mata.

Sai malamar ta ce, "Baba, rana za ta buge ku a nan. Ku shigo mana."

Ashe hulata ta tona ni. Na shiga da muryar dattawa na ce tsuntsaye na cinye ni, ina son yarana.

"Ai ba komai, Baba. Su tafi da takardun, su ƙarasa a gona. In sun kawo sai in ba su ƙarshen labarin."

Saurin yardar nan ya kamata ya tsorata ni. Amma na fito ina taƙama, jikoki a baya, na bi ta gaban gonar ubanta da gangan.

Na zaunar da kowa a bakin igiyarsa, na zagaya can ƙasa in buɗe ruwa. Na jima ban ji gwangwani ko ɗaya ba. Da na dawo, duk sun haɗu a gindin darbejiya, kai a ƙasa, ana musu ko cikin kifi ja ne ko baƙi. Gonata kuwa ta yi duhu da tsuntsaye. Ta maƙwabci fes, yana tsaye a kan kunya yana ɗago mini hannu.

Na yi ta jan igiya ni kaɗai har muryata ta dushe. Gefen gabas bai tashi ba a shekarar, ƙaiƙayi muka sheƙe.

Mai ɗakina ta ce yarinyar kirki ce, taimakona ta yi. Wataƙila. Ni dai da girbi uban ya aiko mini da kwano guda na sabuwar shinkafa, kuma ban taɓa ganin ya yi wa kowa haka ba.