Mai Sanyin Halin Kasuwar Arzeke

Taubashina, ɗan goggona, mahauci ne a Parakou, kuma mutane kan san muryarsa kafin su san fuskarsa. Idan yana ciniki a kasuwar Arzeke, 'yan zem, masu haya da babur, da ke jiran fasinja a bakin titi suna jin komai. Amma shi a nasa ganin, Allah bai yi mai sanyin hali kamarsa ba. "Ni fa ba na son hayaniya," haka yake faɗa, da muryar da ke tayar da akuya daga barci.

Da ƙanensa ya ga yarinya a Djougou, aka sa ranar zuwa neman aure. Babana ne ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, don haka shi ne jagora, sai dai tsufa ya cinye masa murya. Dole wani ya yi magana a madadinsa. Taubashina ya ce shi ne babban wa, bakin nasa ne. Matan gidanmu na unguwar Ganou suka fashe da dariya. Tsoron kowa ɗaya ne: kada ya shiga zauren mutane ya yi musu cinikin sa, a hana yaron matar.

A lokacin akwai wani gwajin hali da ke yawo a wayoyin abokan aikina na gidan rediyo. Tambayoyi ne da Faransanci, kowace ka amsa dakor ko pa dakor, wato na yarda ko ban yarda ba, a ƙarshe waya ta gaya maka ko kai wane irin mutum ne. Da motarmu ta bar Parakou, ni da shi a baya, Baba a gaba kusa da direba, sai na kawo shawara: idan gwaji ya ce shi mai shiru ne, ya yi magana, idan ya ce akasin haka, ni zan yi. Baba ya gyaɗa kai. Na tabbata na gama da shi. Na fara karanta masa tambayoyin.

"Kana jin daɗi idan idon jama'a ya dawo kanka?"

"A'uzubillahi! Pa dakor."

"Kakan katse mutane kafin su..."

"Ni? Yaushe? Pa dakor!"

Direba ya kifa kai a sitiyari yana dariya, Baba ya buge shi a kafaɗa ya duba hanya. Abin da na manta shi ne, babu ɗan arzikin da zai zauna bayan kawunsa ya ce yana son a kalle shi, ko ya fi son bakinsa da kunnensa. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Na duba fuskarsa, ya gaskata kowace amsa.

Sakamako ya fito: mutum mai zurfin tunani, mai son kaɗaici, wanda ke auna kalma kafin ya furta. Ya sa na sake karantawa da muryar labarai. Sannan ya zuge gilashi ya sanar wa wasu mata masu sayar da doya a bakin hanya: "Turawa ma sun shaida!" Ɗaya ta dafe tirenta.

Muka sake gwajin, ni da direba muna amsa masa bisa abin da muka sani. Waya ta ce mai son taro ne, gangar kowane biki. Ya ce wannan hassada ce kawai aka fassara da Faransanci. Baba ya yi raɗa: "Alkawari alkawari ne."

A Djougou aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa da goro. Taubashina ya naɗe ƙafafu, ya sunkuyar da kai, ya ƙudura sai ya cika abin da waya ta faɗa. Bayan gaisuwa ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Mun zo neman iri." Shi ke nan. Ya kama kallon yatsunsa. Wayata tana ta kaɗawa a aljihu. Mai neman auren ne daga gida yana son jin labari.

Ashe baffan yarinyar, wanda zai ba da ita, dillalin shanu ne, sun daɗe suna haɗuwa da taubashina a kasuwannin dabbobi. Baffan ya dube shi, fuskarsa ta canza.

"Malam, lafiya kuwa? Na san ka fa. Ranar da sa ya yi maka a kasuwa, daga nan har garin Sérou sai an ji. Idan ka yi shiru, ba ka saye ne." Ya juya wajen Baba. "Alhaji, ba ma ba da 'ya inda babban wa bai yi na'am ba."

Baba ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Taubashina ya ƙara sunkuyawa, gumi na bin wuyansa, yana ganin ƙarin shiru ne zai gyara. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne wasan da ke tsakanin ɗan namiji da ɗan mace.

Na ce, "Ku yi haƙuri, ranku ya daɗe. Bawana ne, ban ba shi izinin magana ba tukuna."

"Wane ne bawanka?" Kaji suka watse a tsakar gida. "Kai da ko wuƙa ba ka iya riƙewa ba! Ni ne ba na so? Yaron da na goya a bayana? Ku tambayi Parakou kaf, wa ya taɓa jin ya ɗaga wa babba murya? Wallahi in kuka hana mu, a zauren nan zan kwana!"

Baffan ya yi dariya har hularsa ta zame. "Yauwa, yanzu ka iso. Wancan na ɗazu ban san shi ba. Mun ba ku." Aka shafa fatiha, aka raba goro, na fita na amsa wayar yaron, amma kafin in yi magana ya riga ya ji guɗar mata ta cikinta.

A hanyar komawa taubashina ya jingina da kujera, ya jefa goro a baki.

"Kun dai ga amfanin sanyin hali," in ji shi.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da muka tsaya neman ruwa.