Baba Tafinta, Mai Auna Kalma Kafin Ya Faɗa

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye a ɗakin ba da magani na asibitinmu, babbar 'yarka ta kira ni a waya ta ce Allah ya karɓi ranka. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ka cika a ɗakinka, a gaban iyalinka, kana da shekara saba'in da takwas. Talatin da ɗaya daga cikinsu ka yi su ne a kan wata kujerar katako tsakanin teburin likita da bencin marasa lafiya, kana juya Turanci zuwa Hausa, kana juya Hausa zuwa Turanci. Kowa Baba Tafinta yake ce maka, har likitocin da suka girme ka.

Na fara saninka ranar da na kawo mahaifiyata da ciwon sukari. Lokacin ina ɗalibi, ina ji da Turancina, sai na ce ba ma buƙatar tafinta. Ka ja kujerarka baya kaɗan. Likita ya yi bayani, ya ce za su yi "treat" ɗin ciwon, ni kuwa na juya na ce wa Inna za a warkar da ita. Har ta fara murmushi. A nan ne ka taɓa hannuna.

"Ɗana, bari in ƙara a kan abin da ka faɗa," in ji ka. Ka dubi Inna ka ce, "Baiwar Allah, likita bai ce zai raba ki da ciwon nan ba. Cewa ya yi za a riƙa lallaba shi da magani, ki zauna da shi lafiya. Ko kin ji garau, kada ki ajiye ƙwayar."

Da muka fito, ka tsayar da ni a baranda, inda Inna ba za ta ji ba. Ka ce "cure" ita ce raba mutum da cuta, "treat" ita ce kula da ita, "heal" kuma irin warkewar miki ce, wadda jiki ke yi a hankali. Ka ce wanda ya cakuɗa su zai iya sa mara lafiya ya daina shan magani. Inna ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, ba ta taɓa tsallake ƙwayarta ba, kuma ta ga jikokinta.

Bayan na kama aiki a asibitin, na ga ashe haka kake yi wa kowa. Kana da wani littafi mai baƙin bango a aljihun rigarka, duk kalmar da ta ba ka wuya sai ka rubuta, ka yi ta tambayar masu shara da direbobi yadda ake faɗinta a gidajensu. Kana kuma da raha. Na tuna wani kafinta da ya karye a cinya, likita ya ce zai yi "fix" ɗin ƙafar. Ka ce masa, "Likita ya ce zai gyara ta, amma kwantar da hankalinka, ba irin gyaranku na ƙusa ba ne." Da aka fito daga ɗakin tiyata sai ga ƙusoshi huɗu a hoton ƙashin. Ka je har gadonsa ka ce ya yafe maka, ashe likitan ma ɗan sana'arsu ne. Mutumin ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi.

Ba ka taɓa sauya maganar likita don ka faranta wa wani ba. Amma ranar da wani sabon likita ya daka wa wata tsohuwa tsawa, ka isar da umarninsa, ka bar tsawar. Bayan an watse ka same shi a ofis. Ban san abin da ka gaya masa ba. Washegari dai na gan shi durƙushe a gabanta, yana haɗa "ki yi haƙuri, Mama" da ƙyar, kai kuma kana gefe kana duba littafinka kamar ba ruwanka.

Wata biyu da suka wuce ni na raka ka wurin likita, tare da maiɗakinka. Ya yi maganarsa da Turanci, muryarsa a ƙasa. Kafin in buɗe baki ka riga ni. Ka juya gare ta ka ce, "Ya ce yanzu aikinsu shi ne su ga ban ji zafi ba. Sauran na Allah ne." Ka faɗa a natse, ba ka rage ba, ba ka ƙara ba. Sannan ka tambaye ta ko ta rufe tagar ɗaki kafin ku fito.

Baba, ka yi aikinka, ka gama lafiya. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da alherin kowace kalma da ka isar daidai. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka huɗu, da jikokinka, da abokan aikinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu cika da imani, amin.