Maganin Dakta Sabi'u bai wuce kan ɓeraye ba

Ina buɗe shago da safen nan waya ta shigo: Dakta Sabi'u ya rasu bayan gajeriyar jinya. Zama kawai na yi a kan buhun taki. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Ajinmu ɗaya a sakandare a Kiru. Shi ya wuce jami'a ya shiga binciken magunguna, ni na tsaya Bebeji ina sayar da taki da maganin feshi. In zai je garinsu Ƙofa sai ya biyo ta shagona, ya yi mini faɗan auna magani ba safar hannu. Daga baya ya gaji da faɗan, ya koma kawo mini safar.

Na taɓa tambayarsa mene ne wannan nano da yake ta fama da shi. Ya ce, "Kemo, wato maganin ciwon daji da ake bayarwa a asibiti, kamar feshi ne, yana kashe ciyawa, yana ƙona masara. Mu ƙananan ƙwayoyi muke haɗawa, ido ba ya ganinsu, su ɗauki magani su kai shi kan ciwon dajin kaɗai, yadda kake binne taki a gindin shuka."

Ashe mutanen da ke shagon sun ji. Kafin a ce me, zance ya zaga cewa ɗan Ƙofa ya gano maganin ciwon daji.

Zancen ya kai Doguwa, inda yayata Hadiza take aure. Tana tsakiyar kemo a lokacin, gashi ya zube, ko kunu ba ya zama a cikinta. Ta ce ta daina zuwa asibiti, za ta jira na Dakta.

Mun yi lallashi har mun gaji. Da na faɗa masa, ya bar aikinsa ya tafi Doguwa da kansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Yaya, nawa maganin a jikin ɓeraye ake gwada shi har yanzu. Wallahi ko ni ne a kwance ba zan jira shi ba. Ki koma ki ƙarasa."

Ta yi fushi da shi, ko ruwa ba ta sa an kawo masa ba. Amma ta koma.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar sallah ce. Na tsokane shi, na ce yaya ɓerayenka? Ya yi dariya ya ce, "Ƙarin dajin da ke jikinsu yana raguwa, amma ɓera ba mutum ba ne. Da saura."

Bai ga ranar da maganin zai kai ga mutane ba, kuma na ji ciwon hakan.

Wayar safen nan Yaya Hadiza ce ta bugo. Tana nan da lafiyarta, tana neman motar da za ta kai ta Ƙofa ta'aziyya.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya ba ɗalibansa ikon ƙarasa aikin. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Sabi'u a addu'a.