Fushin Mai Guga

Duk layin nan ba wanda zai ce ya taɓa jin mai guga ya ɗaga murya. Shagonsa ɗan ƙarami ne, jikin na mai gyaran rediyo. Tebur guda ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga na lantarki, da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, sai igiyar da yake rataye rigunan mutane. Ko zaginsa ka zo yi don karin wando ya karkace, sai ya ce, "Ba komai," ya sake yayyafa ruwa ya ɗora dutse. Mai gyaran rediyo yakan tsokane shi: "Kai dai ko kunnenka aka yanke, cewa za ka yi a haɗa da ɗayan don su yi daidai."

Mutane suna ta yabon haƙurinsa. Haƙuri? Ina! Tsoro ne zalla, ba wanda ya gane.

Ubansa direban babbar mota ne, mutum mai saurin hannu. In ya dawo daga tafiya, gidan kan yi tsit kamar ba kowa. Tun mai guga yana ƙarami ya sha ganin an kife kwanon abinci, ya sha ganin uwarsa tana jan mayafi don ta rufe kumburin ido. Ga shi kuma kowa ya gan shi sai ya ce, "Kai, wannan kamar ubansa ya yi kaki ya tofar!" Har hannuwan iri ɗaya, manya, masu kauri. Sai ya ɗaukar wa kansa alkawari, hannun nan ba zai taɓa sauka a jikin kowa ba. Dabararsa guda ce: da ya ji zafi ya taso masa a ƙirji, sai ya ɗauki hularsa ya nufi shago. Ko babu aiki sai ya sauko da rigunan da ya riga ya goge, ya sake goge su har abin ya lafa.

Matarsa malamar makaranta ce, mai surutu da son dariya. Da farko ƙawayenta har cewa suke ta yi dace, ita ma ta yarda. Amma shekaru suka yi ta tafiya, ta rasa inda za ta kama shi. Ta yi masa laifi, ba komai. Ta tsokane shi da gangan, ba komai. Ranar da ta yi ɓari shi ya kai ta asibiti, shi ya dawo da ita, ya gyara mata shimfiɗa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai ya ɗauki hula. Ita kaɗai ta yi kukanta.

Ana nan sai uban ya samu shanyewar ɓarin jiki. Sauran 'ya'yan kowa ya kawo uzuri, mai guga ya ɗauko shi ya ajiye a ɗakin gaba. Shi yake yi masa wanka, shi yake juya shi, rigunansa ma sai ya sa musu sitati. Ciwo ya karya jikin tsohon, amma halin yana nan daram.

Wata safiya malama ta kawo wa tsohon shayi. Ya kurɓa, ya ce ya huce, ya wurgo mata kofin da hannunsa mai lafiya. A goshi ya same ta, jini ya fito. Mai guga yana tsaye a bakin ƙofa, a kan idonsa aka yi. Ya sunkuya ya ɗauke kofin, ya ce mata, "Yi haƙuri." Ya fita.

Da azahar sai ga ta a shago, goshi da filasta, jaka a hannu.

"Maigida, zan tafi gidan Yaya," in ji ta. "Kada ka ce don Baba ne. Baba mara lafiya ne, na iya da shi. Kai ne na kasa iyawa da kai. A fasa min goshi a gabanka, ko gezau? In ba ni da wata daraja a wurinka, faɗa min da bakinka, in san inda na nufa."

Bai ɗago ba. Dutsen yana kan farar rigar wani, ya danne shi da dukan ƙarfinsa. Ƙauri ya cika shagon.

"Rigar mutane tana ƙonewa," ta ce.

Ya ɗaga dutsen. Ga shatinsa nan baƙi ƙirin a bayan rigar, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya fara sana'ar. Ya tsaya yana kallonsa, sai muryar ta ɓalle masa, wata irin murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

"Kin san abin da na so yi? Shaƙe shi na so yi! Ubana, da hannun nan! Na ji hannun ya fara tashi, shi ya sa na fita. Kullum shi ya sa nake fita! Kina tsammanin ba na ji? Wallahi ina ji, ranar asibiti ma kamar in rushe ginin nake ji. Tsoro nake, in na buɗe baki Baba ne zai fito daga cikina, in zama shi, ke kuma ki zama Inna."

Rediyon maƙwabci ya yi shiru. Mai guga yana haki, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Ya ja da baya ya ɓoye hannuwansa a bayansa, yana jiran ta gudu.

Ba ta gudu ba. Ta ajiye jakar, ta zare wayar dutsen daga bango, ta dube shi ido cikin ido.

"To ga shi ka yi fushin," ta ce. "Wa ka doka?"

Ya waiga ya duba shagon. Tebur yana nan, riguna suna nan a rataye, ita ma ga ta tsaye lafiya lau. Abin da ya yi rayuwarsa duka yana gudu ya zo ya wuce ta cikinsa, riga ɗaya kawai ya ci.

Tare suka koma gida. Ya shiga ɗakin gaba, ya durƙusa kusa da gadon.

"Baba, ba zan daina kula da kai ba har iyakar rai. Amma kada ka ƙara ɗaga mata hannu. Kada ka ƙara."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kau da kai.

Da ya fito ya tarar da ita zaune a kan tabarma, ba ta kwance jakar ba tukuna.

"Har yanzu kana jin haushin?" ta tambaye shi.

"Ina ji. Sosai."

Ta matsa ta ba shi wuri. "To zauna ka ji shi a nan."

Ya zauna.