Kokon da Na Karɓe a Hannun Ummi

Malama Rabi, maƙwabciyata, ita ke rubuta mini wannan, ni ban yi boko ba. Na ce kada ta gyara komai.

Ina tsugune ina dama koko, wata maƙwabciya ta faɗo ba sallama. Ta ce, "Iya, ajiye ludayin nan." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikata Ummi, 'yar shekara shida, ta cika a mota ana hanyar babban asibiti. Kokon ma nata ne.

Ummi 'yar ɗana Sani ce. Ba ta iya cin abu ita kaɗai ba. In na ba ta masa uku, sai ta dawo da ɗaya, ta ce, "Ƙawata, ci, mai taushi ce, na san ba ki da haƙori."

Ciwon ciki ne da zazzaɓi. Muka kai ta wani asibitin kuɗi ta wajen Chanchaga. Ba zan kama suna ba, Allah Ya san shi. Likitan nan ko sau ɗaya bai ɗora hannu a cikinta ba. Takarda kawai. A ɗebi jini, a ɗauki hoton ciki, a ɗauki na ƙirji, gobe a sake. Yarinya tana nuna inda ke mata ciwo, amma har kanta sai da aka ɗauka.

Kuma kullum umarni ɗaya: kada ta ci komai sai an gama hoto. Ga layi har azahar. Ta kan ce, "Iya, yau ma azumi? Ai Malam ya ce yara rabi suke yi."

Kwana biyar ana haka, Nna Fati, wata tsohuwar nas 'yar Bida da ke layinmu, ta danna cikin da yatsa biyu. Ummi ta ƙwalla ƙara. Nna ta ce, "Wannan tiyata ce, ku tafi babban asibiti yau." Sani ya faɗa wa likita. Likitan ya yi dariya, wai hannun tsohuwa ya fi inji gani? Wai hoto ɗaya ya rage.

Rabi, rubuta wannan ma. Washegari uwarta ta miƙa mata koko a ɓoye, ni na karɓe kofin a hannunta. Na ɗauka hoton nan magani ne. Ummi ta dube ni, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To ki ajiye mini."

Sai da ciwo ya ci ƙarfinta aka kama hanyar babban asibiti. Ran sadakar uku likitan ya aiko da buhun shinkafa. Sani ya ce, "Iya, kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri." Kwana ya ƙare, na yarda. Amma na sa aka mayar da buhun cikin motar da ta kawo shi, na ɗora hotunan duka a kai. Na ce wa direban, "Ka ce ya duba da kyau, ko zai ga yunwa a ciki."

Ban yafe ba. Allah Ya isa. Allah Ya sa ya nemi mai dubansa, a miƙa masa takarda. Gobe ƙiyama ina tafe da kofina.

Allah Ya jiƙan Ummi, Ya ciyar da ita a Aljanna. Allah Ya ba Sani da uwarta dangana. Ni kuma Ya yafe mini hannun nan.

Rabi, na gaji. Kofin yana kan kwaba, kada kowa ya taɓa.